Akwatin intanet ko talabijin mai manhaja: amsa ga wani magidanci a Garwa

Wani magidanci daga unguwar Poumpoumré ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana da talabijin mai inci 43 da ya saya a watan Janairun 2022, lokacin da gasar cin kofin Afirka ta zo filin Roumdé Adjia, gari ya cika da baƙi 'yan Najeriya da suka biyo Super Eagles. A lokacin tana buɗe YouTube nan take. Yanzu kuwa sai an danna rimot an jira, hoto ya riƙa tsayawa, wasu manhajojin ma sun daina buɗewa. Iyali sun matsa masa ya sayi sabuwa, wani mai shago kuma ya nuna masa ɗan ƙaramin akwati ya ce shi kaɗai ya isa. Wanne zai yi?

Malam, kafin ka taɓa aljihu, ka kunna talabijin ɗin ka dubi hoton da kyau. In launi bai dusashe ba, babu layi, babu wani baƙin tabo a gefe, to lafiyarta ƙalau. Abin da ya gaji shi ne 'yar ƙaramar kwamfutar da aka dasa a cikinta, kuma ita ana iya maye gurbinta ba tare da an taɓa allon ba.

Talabijin ɗin da ake kira simat abu biyu ne a jiki ɗaya. Akwai allo da lasifika, waɗanda in aka kula da su sukan yi shekara takwas ko goma suna aiki. Akwai kuma ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da manhajoji, wadda ba ta da bambanci da ta wayar hannu mai araha. Kowa ya san yadda waya ke yi in ta shekara huɗu: manhajoji suna ƙara nauyi duk lokacin da aka sabunta su, ita kuwa ƙarfinta yana nan inda yake. A cikin talabijin abin ya fi muni, domin kamfanoni sukan zuba kuɗinsu a allo, su tsuke hannu a ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikin masu arahar da nake buɗewa a wurin gyara, giga ɗaya ne wurin aikinsu, giga takwas ma'ajiyarsu, tsarin kansa ya cinye kusan rabi.

Sannan kowane kamfani da tsarinsa. Samsung na amfani da Tizen, LG na da webOS, Hisense na da VIDAA, su TCL da Sony kuma galibi Google TV ko Android TV. Mai manhaja sai ya yi wa kowane tsari nasa aikin daban, shi ya sa manyan kamfanoni irin su Netflix da YouTube ake samunsu ko'ina, ƙananan manhajoji na fina-finan Hausa ko na karatun malamai kuma yawanci a Android kaɗai suke. In talabijin ta tsufa, ko manyan ma sukan janye. A watan Disamban 2019 Netflix ta daina aiki a kan wasu tsofaffin talabijin na Samsung da Vizio, alhali allonsu ba abin da ya same shi. Kamfanonin sun san da wannan ƙorafin: a 2024 Samsung ta yi alkawarin shekara bakwai na sabunta Tizen ga sababbin samfuranta, LG ma ta fito da shirin shekara biyar. Wannan ya shafi na asali ne kawai. Talabijin da aka manna wa sunan babban kamfani a goshi, wadda ba a san inda aka harhaɗa ta ba, ba mai sabunta ta.

A nan ne akwatin intanet ke da amfani. Na'ura ce ƙarama, wata kamar sabulu, wata kamar babban yatsa, ana soka ta a ramin HDMI da ke bayan talabijin, ta ɗauke duk aikin manhajoji. Daga ranar, talabijin ɗinka allo ce kawai. In bayan shekara huɗu akwatin ya gaji, shi za ka canza, kuma kuɗinsa bai kai rabin na sabuwar talabijin mai inci 43 ba. Kana iya cire shi ka tafi da shi Marwa ko Ngaundere in aiki ya kai ka. Wutar da yake ja ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba, abin da masu sola za su ji daɗinsa. Hatta tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, wadda ba ta da HDMI, ana samun ɗan mahaɗi mai wayoyi uku, ja da fari da rawaya, a haɗa su, sai dai rubutu ba zai fito tas ba.

Sai dai ba kowane akwati ba ne, kuma wannan ne wurin da nake so ka fi saurara.

Akwatunan da suka fi yawa a kasuwanninmu, ko daga Duwala suka hauro ko ta hanyar Yola da Mubi suka shigo, su ne masu sunaye irin su MXQ, T95, X96 da H96. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 8K da 5G da giga ɗari da wani abu na ma'ajiya. Na sha buɗe irinsu na tarar abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta ba, an dai gyara manhajar ne ta riƙa nuna lambar ƙarya. Tsarin da ke cikinsu Android ne na waya aka tura wa talabijin, shi ya sa rimot ba ya kaiwa wasu wurare sai an nemo linzamin kwamfuta. Kuma ba su da lasisin da Netflix da makamantanta ke buƙata kafin su ba da hoto mai kaifi, don haka ko ka biya kuɗin wata, hoton da za ka samu mai hazo ne.

Wannan duk da sauƙi. A farkon 2023 masu binciken tsaron kwamfuta suka gano cewa wasu akwatunan T95 tun daga masana'anta suke zuwa da muguwar manhaja a ɓoye. Aka sa wa wannan damfara suna BadBox. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan sabon salonta, wata guda bayan haka Google ta shigar da ƙara a kotu tana cewa na'urorin da abin ya shafa sun haura miliyan 10. Akwatin yana zaune a falonka, yana danna tallace-tallace a ɓoye, yana kuma ba wasu mutane a wata ƙasa damar bi ta layin intanet ɗinka su yi harkokinsu. Ga mutumin Garwa da ke sayen data giga-giga, ma'anar wannan ita ce kuɗinsa na zuba ko da talabijin a kashe take. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini nata tana cewa datar wata guda ba ta kai mata mako biyu. Da muka cire akwatin daga wayfai ɗin gidan, matsalar ta tsaya. Ranar na ji ciwon abin ƙwarai, domin kuɗin cefane take ragewa tana saya wa yara.

To yaya za ka gane na kirki? Ka nemi wanda Google ta amince da shi, mai tsarin Google TV ko Android TV na gaske. Wanda aka fi samu a yankinmu shi ne Xiaomi TV Box S. Akwai Google TV Streamer da ya fito a 2024 ya gaji Chromecast, ya fi tsada amma ya fi ƙarfi. Akwai Fire TV Stick na Amazon, shi ma na asali ne, sai dai yana buƙatar rajista da Amazon kuma ba duk manhajojinmu ke cikin rumbunsa ba. Apple TV na masu hali ne da suka riga suka saba da iPhone. Ko wanne ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa a buɗe shi a shagon, a haɗa da talabijin, ka kunna masa intanet daga wayarka, ka ga ya shiga Play Store in mai tsarin Google ne, ka ga Netflix ta buɗe ba tare da an ɗauko ta daga wani wuri ba. In mai shago ya ce sai an kashe tsaron Google da ake kira Play Protect kafin wata manhaja ta yi aiki, ko ya ce akwatin na da tashoshi dubu kyauta har abada, ka ajiye masa kayansa. Waɗannan alamomi biyu suna cikin waɗanda FBI ta ambata.

Batun tashoshi kyauta ma ya cancanci magana. Abin da ake kira IPTV a bakin kasuwa, mafi yawansa satar tashoshi ne. Yau yana yi, gobe an toshe, wanda ka biya kuma ya kashe waya. Ban da haka akwai haƙƙi. Masu shirya Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa kuɗi suke kashewa, kuma sun riga sun ajiye aikinsu inda za ka kalla ta halal, a YouTube ko a Arewa24.

Yanzu ga lissafin da masu shago ba sa yi wa mutum. Akwati ko simat, babu wanda ke kawo hoto sai da data. Netflix da kanta ta ce awa ɗaya na hoto mai kaifi na iya cin giga 3, na 4K giga 7, matsakaici kuma kusan giga 0.7. Gidan da ke kallo awa uku kowane dare a kan mai kaifi zai iya cinye giga 270 a wata. In aka sauke zuwa matsakaici, giga 63 ne. Ka ɗauki waɗannan lambobi ka gwada da farashin MTN ko Orange ko Camtel, za ka ga cewa cikin 'yan watanni kuɗin data ya wuce kuɗin na'urar. Don haka ranar da ka haɗa akwatin, ka shiga saiti ka rage ingancin hoto, ka kashe wannan ɗabi'a ta bidiyo ya riƙa bin bidiyo shi kaɗai. A YouTube, 480 ko 720 ya wadatar a kan allo mai inci 32 ko 43 in ana zaune nesa kaɗan. Kuma kada wayarka ta zama ita ce tushen intanet ɗin gida: za ta yi zafi, batirinta ya lalace, in ka fita kuma iyali su zauna ba kallo. Ƙaramin modem na 4G da layinsa daban ya fi, ka gwada layuka biyu a cikin ɗakin da talabijin take kafin ka zaɓa, domin ƙarfin sabis a Yelwa daban yake da na Djamboutou. In wayar fiba ta iso layinku kuma aljihu zai ɗauka, ita ce ta fi dacewa da wannan harka.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya sauke parabol ɗinsa. Dikodar Canal+ ko StarTimes, ko ta tashoshin kyauta, ba ta cin data ko an wuni ana kallo. Labaran CRTV, wasan Coton Sport in an nuna, ƙwallon Turai, duk sun fi sauƙi ta nan, kuma hoton intanet yakan yi jinkiri har ka ji ihun maƙwabta kafin ka ga ƙwallo a raga. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya taɓa. Masu parabol ba su rasa kallo ba. Talabijin ɗinka na da ramin HDMI biyu ko uku: ɗaya na dikoda, ɗaya na akwati.

Sai kula da kayan. Wutar arewa galibi daga madatsar Lagdo take zuwa, in ruwa ya ja baya da rani ana shan ɗaukewa, kuma lokacin dawowarta ne kaya ke ƙonewa. Ka sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta ka haɗa talabijin da akwati da modem a kanta. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, ka zare filogi har da wayar parabol. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, kada ka cusa akwatin a bayan allo ko cikin durowa, ko ka lulluɓe shi da ƙyallen ado. Iska yake so. Ƙurar hunturu kuma a riƙa goge ta da busasshen tsumma. In akwai yara, ka buɗe musu sashensu daban ka sa lambar sirri a naka, abu ne na minti biyar.

Akwai lokacin da sabuwar talabijin ce daidai: in allon ya fashe ko ya fara duhu, ko mutum yana haɗa kayan ɗaki daga farko. A yau da wuya ka sami babbar talabijin da ba simat ba, don haka ba guje mata za ka yi ba. Ka dai zaɓe ta saboda hotonta da sautinta da yawan ramukan HDMI da takardar garanti, ka yi amfani da manhajojinta muddin suna tafiya, ranar da suka yi nauyi ka ƙara mata akwati. Ga dattijo ko dattijuwa da rimot biyu zai rikita, simat ta asali mai rimot ɗaya ta fi sauƙi, ko da yake yawancin akwatuna na kirki ana iya saita rimot ɗinsu ya kunna talabijin ya kuma ƙara murya.

Kai kuwa, Malam, taka ta 2022 ce. In ka duba ka ga hotonta garau yake, ka bar ta a bango. Ka sayi akwati na asali mai giga biyu na wurin aiki ko fiye, ka gwada shi a shago kafin ka biya, ka cire talabijin ɗin kanta daga wayfai don kada ta riƙa jan data a banza. Ragowar kuɗin da ka tanada, ka fara da na'urar daidaita wuta, sannan modem.