Ya ce "I care about you": Anti, sona yake yi?

Ni ɗaliba ce a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, shekarata 23. Bajju ce ni, iyayena suna zaune a Kafanchan. Akwai wani saurayi ɗan Kagoro da muke tare yau wata goma sha ɗaya, yana harkar citta tsakanin Kwoi da Kachia. In muna zaune Hausa muke yi, tunda yarenmu ba ɗaya ba ne, amma da zarar ya ɗauki waya sai ya koma Turanci. Da farko "I like you" yake rubuto min. Daga baya ya koma "I care about you". Sau ɗaya tak, cikin dare, ya rubuto "I am devoted to you". "I love you" kuwa bai taɓa faɗa ba.

Ƙawata ta ce "care" ƙanwa ake gaya wa, ko mara lafiya. Ranar bikin Afan, 1 ga Janairu, ya kai ni gidansu, ya ce wa yayarsa "my friend". Na yi murmushi a gabansu, amma a hanyar dawowa da bakin ɗankwali na yi ta share hawaye. Sai dai lokacin da aka kwantar da Mamana a asibiti, kwana uku yana zuwa da kunu a filas, shi ne ma mai bin layin karɓar magani. Anti, ki fassara min kalmomin nan. Sona yake yi ko tausayina yake ji?

Ƙanwarki daga Kafanchan

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

"Like" ita ce mafi sauƙi: kin burge shi, kin kwanta masa a rai. "Love" da kike jira kuwa so ne, amma ta sha hannu kamar tsohuwar takardar naira hamsin. Bature yana faɗinta a kan shayi, samarinmu suna faɗinta a kan Arsenal, kuma wani yaron zai tura wa 'yan mata uku ita a dare ɗaya. Ban raina ta ba, amma kada ki ɗauke ta ma'auni.

Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. "Care" kulawa ce, da damuwa da halin da mutum yake ciki, kuma ana faɗa wa ƙanwa. Ana kuma faɗa wa matar aure bayan shekara talatin, lokacin da ɗokin amarci ya lafa. Kin ga fassararta da idonki a cikin filas ɗin kunun nan.

Wadda ta tsayar da ni ita ce "devoted". Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin alwashi, irin wanda mutum yake ɗauka a gaban abin bautarsa. Ke ma kin san 'yar'uwarta: "devotion", addu'ar safe da ake yi a gida da makaranta kafin kowa ya kama gabansa. Wanda ya ce miki haka, in ya san abin da ya rubuta, cewa ya yi ya sadaukar da kansa gare ki. Ta fi "love" nauyi nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake zaton da dare ya iya rubuta ta, sau ɗaya, ba ido da ido ba.

Tun da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa wajen 1927, ma'aikatan reluwe daga kudu suka cika garin, Turanci ya samu gindin zama kusa da Hausa da yarukanmu. Sai ya zama mafakar masu kunya. Namijin da aka rena da kawaici, wanda bai taɓa jin babansa ya kira sunan mamarsa da zaƙi ba, "ina ƙaunarki" tana yi masa nauyi a harshe. Ƙauna kalma ce da yake ji a coci, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa, da aka fara buga cikakkensa a 1932, ya saba wa kunnuwanmu da ita. Turanci bai kai can cikin ba, don haka yana fita da sauƙi.

Amma mafakar mai kunya ita ce kuma mafakar mai wasa da hankali, kuma a nan ne hawayenki suke da hujja. "My friend" riga ce mai shiga kowa. Da Hausa ya yi magana, da dole ya zaɓa: budurwata, ko wadda zan aura. Wataƙila nauyin yayarsa ya ji. Wataƙila kuma bai yanke shawara ba. Ni daga nan ba zan rantse miki ba, kuma ƙamus ba zai raba wannan gardama ba.

Ki bar wayar. Ranar da ya zo hira, ki gode masa kan ɗawainiyar Mama tukuna, domin ya cancanci godiya. Sannan ki ce masa da Hausa, cikin natsuwa, ba da fushi ba: "Ranar Afan ka ce ni 'friend' ce. In Babana ya tambaye ni kai wane ne a wurina, me zan ce masa?" In ya soma amsawa da Turanci, ki ce ya maimaita da Hausa. In ya nemi lokaci, ki ba shi, amma ku sa rana.