Kafin ka huda gindin jirgi don jakar ruwa

Aikina haɗa famfo da tiyo a ƙananan jiragen ruwa na wasa, musamman masu jan 'yan wasan wekbod, wato zamiya a kan allo a bayan jirgi. Wasan ya fi ƙarfi a tafkunan Amurka, inda kamfanoni irin su MasterCraft da Malibu da Nautique ke ƙera jiragensa. Ɗan wasa babbar igiyar ruwa yake so don ya samu abin tashi sama, igiyar kuwa ba ta girma sai jirgi ya yi nauyi. Shi ya sa ake shimfiɗa manyan jakunkuna a ciki, a ɗura musu ruwan tafki da famfo.

Duk wanda ya kawo mini jirgi, tambayarsa ta farko ita ce minti nawa jaka za ta cika. Ni kuwa ramin da za a huda a gindin jirgin nake fara dubawa, domin ta nan ruwa ke shiga, kuma ta nan jirgi ke nutsewa in aiki ya ɓaci. A bakin ramin ake ɗaura bawul na tagulla, a wurin da hannu zai kai cikin gaggawa, a shafe kewayensa da gam na jiragen ruwa irin 3M 4200. Duk mahaɗin tiyo da ke ƙasa da layin ruwa, maɗauri biyu nake sa masa, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na sha cire maɗaurin mota da tsatsa ta cinye a jiragen da aka kawo gyara. Araha ba ta ado.

Famfo iri biyu ne. Na farko mai fankar ƙaramin inji, irin Tsunami na kamfanin Attwood. Yana da sauƙin kuɗi, ba ya cin batir, amma ba ya iya zuƙo ruwa da kansa, dole a kafa shi ƙasa da layin ruwa. Gefe ɗaya yake turawa, don haka kowace jaka na bukatar biyu, na cikawa da na kwashewa. Babban aibinsa shi ne ko a kashe yake ruwa na bi ta cikinsa, kamar yadda fetur ke ci gaba da zuba daga tanki da zarar an zuƙo shi da tiyo. Sai jaka ta cika da kanta ko ta tsiyaye ana cikin tafiya. Maganinsa a ɗaga tiyon sama da layin ruwa, a sa bawul mai shigar da iska a ƙololuwarsa.

Na biyu mai farfelar roba ne, irin Ballast Puppy na Jabsco. Shi ke cikawa, shi ke kwashewa, yana zuƙo ruwa da kansa, in an kashe shi kuma farfelar ta toshe hanya. Sai dai yana jan wuta sosai, yana son waya mai kauri da fis kusa da batir. In aka bar shi yana juyawa babu ruwa, robar ta ƙone. Ku riƙa ajiye farfelar canji a jirgi. In kuma kusa da injin fetur za a kafa famfo, a tabbata irin wanda ba ya fitar da tartsatsi ne.

Abin da masu haɗawa da kansu suka fi mantawa shi ne tiyon numfashi. Daga saman jaka yake fita zuwa gefen jirgi, sama da ruwa, iska ta fita ta nan, rarar ruwa ma ta nan. In babu shi, famfo zai yi ta ɗura har jaka ta kumbura ta ɓalle murfin ma'ajiya ko ta fashe.

Sai lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jaka uku masu lita 400 kilo 1,200 ke nan, daidai da mutum 16 masu kilo 75. Nauyin da aka rubuta a allon jirgi ya haɗa da wannan ruwan, ba mutane da kaya kaɗai ba. Jirgin da aka cika fiye da ƙima, ana rage gudu igiyar da ya tayar na iya hawowa cikinsa.

Akwai kuma haƙƙin tafki. Jaka ba ta taɓa tsiyayewa ƙaf, ragowar ruwan kuwa na iya ɗaukar ƙwayayen wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ake kira zebra, waɗanda aka gano a manyan tafkunan Arewacin Amurka a 1988, bayan sun shigo cikin ruwan nauyi na manyan jirage. Suna toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki. Dalilin ke nan a tafkin Taho na Amurka ake bincika jirgi kafin ya shiga, a wanke jakunkunansa da ruwan zafi in da bukata.

Bayan an gama haɗawa, a saka jirgi a ruwa yana kan tirelarsa, a buɗe bawul, a bi kowane mahaɗi da busasshen hannu. In an ji danshi, a fito da shi a gyara kafin a ɗauki kowa. In an tashi wasa, a kwashe jakunkuna a rufe bawul. Allah Ya tsare mu a kan sana'o'inmu.