Darasin Kwamfuta: Ina Za Mu Samu Samfurin Shafin Intanet Mai Araha?

A makon jiya mun tarar da takarda a akwatin tambayoyin kulob ɗinmu daga wasu 'yan aji shida su biyu. Sun ce idan sun gama NECO suna so su kafa ɗan ƙaramin kamfani, su yi manhajar intanet inda manomin Durun ko Kabo ko Gwarzo zai saka abin da ya noma, masara ko dawa ko waken suya, da farashinsa, don ɗan kasuwar Dawanau ya gani kafin ya turo mota. Sun fara koyon rubuta manhaja, amma tsara fuskar shafin ya gagare su, kuma jarinsu bai kai su ɗauki ƙwararre ba. Mun bincika, mun kuma zauna da malaminmu na kwamfuta. Ga abin da muka samo.

Mene ne samfuri?

Mun san yadda ake ɗinkin hula. Wani ne yake zana ta tukuna, mai ɗinki ya bi zanen da zaren da ransa yake so. Haka samfurin shafi yake. Wani ya riga ya tsara inda suna zai zauna, inda hoto zai shiga, da inda za a danna. Namu shi ne mu cire rubutunsa mu sa namu, mu canza launi. Sai dai samfuri fuska ce kawai. Rajistar manoma da ajiye bayanansu aiki ne da mai manhaja zai rubuta da kansa.

Manhaja irin ta 'yan uwanmu tana buƙatar fuska biyu: shafin farko da kowa zai gani, da shafin ciki inda manomi zai shiga da lambar sirrinsa ya saka kayansa.

Na kyauta

Bootstrap tarin kayan gina shafi ne da Mark Otto da Jacob Thornton suka ƙirƙira a kamfanin Twitter, aka sake shi ga jama'a a 2011. Kyauta ne, kuma lasisinsa, wanda ake kira MIT, ya yarda a yi kasuwanci da shi. A kansa aka gina samfuran kyauta na Start Bootstrap, waɗanda za su yi wa shafin farko, da kuma AdminLTE, wanda ya dace da shafin ciki domin yana da jadawali da fom da shafin shiga a shirye.

HTML5 UP ma yana ba da samfura masu kyau ba ko kwabo, da sharaɗin a bar sunan mai zanen a jikin shafin.

Wanda bai iya rubuta manhaja sosai ba zai iya kama WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003. Akwai dubban samfuran kyauta a rumbunsa na WordPress.org, kuma ana duba kowanne kafin a saka shi a ciki.

Na kuɗi

Cikin manyan kasuwannin samfura akwai ThemeForest ta kamfanin Envato da ke Ostireliya. Da dala ake ciniki, saboda haka kafin wani samfuri ya shiga ranmu, mu lissafa kuɗinsa da naira a canjin ranar.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Lasisi iri biyu ne. Mai araha, wanda suke kira Regular, na shafi ɗaya ne tak, kuma wanda jama'a za su yi amfani da shi ba tare da an caje su kuɗin shiga ba. Idan manoma za su riƙa biyan kuɗi duk wata kafin su shiga manhajar, sai an sayi na biyun, Extended, wanda ya ninka na farkon tsada sau da yawa. Don haka 'yan uwanmu su fara yanke shawarar yadda kamfaninsu zai samu kuɗi, sannan su zaɓi samfuri.

Na sata

Za ku ci karo da masu raba samfuran kuɗi a kyauta, ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kada ku karɓa. Haƙƙin wani ne, kuma sau da yawa ɓarayin suna cusa wata muguwar manhaja a ciki wadda za ta buɗe musu ƙofar shafin. Mu tuna abin da za a ajiye a wurin: sunayen iyayenmu manoma da lambobin wayarsu. Ranar da ɗan damfara ya kira mutum ɗaya a garin nan da bayanin da ya kwasa daga shafinku, kamfanin ya rufe ke nan, kuma a gida za a zo neman ku.

Gwaji huɗu kafin a zaɓa

1. A buɗe shi a waya. Masu sayarwa suna nuna samfuri a babban allon kwamfuta, alhali manominmu da ƙaramar waya zai shiga. Kusan kowane samfuri yana da shafin gwaji. A buɗe shi a wayar da ta fi kowace tsufa a gida, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi.

2. A auna nauyinsa. Manyan hotuna da bidiyo da rubutu mai yawo suna cin data, suna kuma jinkirta buɗewa. Google yana da ma'auni na kyauta, PageSpeed Insights. A sa adireshin shafin gwajin, zai ba shi maki daga 0 zuwa 100.

3. A gwada haruffanmu. A rubuta "ƙasa", "ɗanye" da "ɓawo" a ciki. Idan ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwati, ko suka fita dabam da sauran, salon haruffan bai san Hausa ba. Ana iya musanya shi da Noto Sans na Google, wanda yake kyauta kuma yana da su duka.

4. A duba ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe. Samfurin da ya shekara biyu ko uku ba a taɓa shi ba, mai shi ya watsar da shi, kuma idan ya lalace babu wanda za a tambaya.

Shawararmu

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fagen mun ga na kyauta da ya fi na dala amfani. Muna ba 'yan uwanmu shawara su fara da Start Bootstrap a waje, AdminLTE a ciki. Ɗan kuɗin da ke hannunsu su adana shi don abin da ba a samu a banza: adireshin shafi mai ƙarewa da .com.ng, wanda ake saya da naira duk shekara a wurin kamfanonin da hukumar NiRA ta amince da su, da kuma kuɗin wurin ajiye manhajar. Idan manoma goma na farko sun shiga sun dawo, lokacin ne za a yi maganar sayen samfuri.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi samfuri ɗaya na kyauta, ya yi masa gwaje-gwajen nan huɗu, ya rubuto sakamakon a jefa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa uku mafi kyau a wannan allo. Allah ya ba 'yan aji shida sa'ar jarrabawa, amin.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida