GONARKA DA TAKARDUNTA

Ya kai mai karatu, tun da Allah ya ba ka ikon haɗa baƙi, akwai takardun da ya kamata ka san karatunsu, watau takardun gonarka da na gidanka. Rigimar iyaka da rigimar gado su ne su kan raba zumunci a ƙauye. Sau da yawa kuwa ba mugunta ke kawo su ba, sai mantuwa. Dattawan da suka shaida ciniki sun rasu, aguwar da aka dasa a iyaka ta bushe, kowa ya zo da tasa maganar. Wannan darasi zai nuna wa mutumin Gaya da na Ajingi inda a ke ajiye labarin ƙasa, da yadda a ke karanta shi, da yadda hukuma ta ke ƙiyasta abin da za a biya a kan fili.

1. Ƙasa a hannun wa ta ke?

A zamanin da ƙasa tana hannun sarki. Mai son gona ya kan je wurin dagaci a yanka masa saura, ya share, ya noma, in ya mutu 'ya'yansa su gada. Turawa suka ci Kano a 1903. A 1910 suka kafa doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan doka a 1962. Sa'an nan a 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka, ita ce kuwa a ke aiki da ita har yau.

Ga abin da dokar ta ce a taƙaice. Ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamnanta. Abin da mutum ya ke da shi a kan fili shi ne haƙƙin zama da amfani, wannan haƙƙi kuwa iri biyu ne. Na farko Gwamna ke ba da shi, shi ne na filayen da aka ayyana cikin gari, ko da ya ke Gwamna yana da ikon ba da shi ko'ina cikin jiha. Na biyu haƙƙin gargajiya ne, ƙaramar hukuma ke ba da shi a karkara. Ba ta da ikon ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Wanda kuwa dokar ta iske yana noman gonarsa ta gado a 1978, ta bar masa ita, kamar dai ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Saboda haka rashin takarda bai sa gonarka ta zama ba taka ba. Amma ranar gardama mai takarda ya fi ka sauƙin magana.

2. Yadda a ke sanya haraji a da

Kafin zuwan Turawa talakan Kano ya kan biya kuɗin ƙasa, da zakkar hatsi, da kuɗin rafi in yana lambu, da kuɗin karofi in marini ne, mai shanu kuma ya biya jangali. Turawa suka tattara yawancin waɗannan suka mai da su haraji ɗaya, aka kafa Baitulmali inda a ke zuba shi. Tun kafin yaƙin 1914 aka soma awon gonaki da taki a ƙasar Kano, aka fara da gundumomin da ke kewaye da birni. Malamin taki ya kan taka tsawon gona da faɗinta yana ƙirgawa, ya rubuta sunan mai ita, a sa masa haraji gwargwadon girmanta.

Lissafin ba wuya. In takin mutum ya kai yadi ɗaya, gonar da ta yi taki 70 a tsawo, 70 a faɗi, ta tashi 4,900 ke nan. Eka ɗaya kuwa yadi 4,840 ce, watau gonar ta ɗara eka kaɗan. Amma fa takin dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba, gona kuma ba kullum ta ke da kusurwa huɗu daidai ba. Don haka aka yi ta kuka da awon taki, har daga baya aka horar da malaman safiyo masu awo da sarƙa, suna zana taswira, kowace gona da lambarta. A wuraren da ba a auna ba, sai a ƙiyasta arzikin gari gaba ɗaya, a ɗora wa dagaci jimla, shi da masu unguwanni su raba wa magidanta.

An daina wannan duka. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, a 1979 kuma Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Tsofaffin rahotannin haraji na gundumomin Kano suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. In ka tsinci rasit ɗin haraji cikin adakar kakanka, adana shi. Shi kaɗai ba ya tabbatar da mallaka, amma yana taimakon sauran shaida.

3. Takardun da ya kamata ka sani

Ta ɗaya, takardar ciniki. Ita ce wadda mai sayarwa da mai saye su ke sa wa hannu gaban shaidu, mai unguwa da dagaci su tabbatar, wani lokaci har hakimi. Ta biyu, takardar rabon gado, wadda alƙali ya ke bayarwa bayan an raba dukiyar mamaci. Ta uku, takardar haƙƙin gargajiya ta ƙaramar hukuma. Ta huɗu, takardar shaidar mallaka mai sa hannun Gwamna, wadda mutane ke ce wa satifiket. Ta biyar, taswirar safiyo, mai nuna siffar fili da turakun simintin da aka kafa a kusurwoyinsa.

Akwai kuma hanyoyin riƙe gona waɗanda ba mallaka ba ne, watau aro, da haya, da jingina. A nan ne aka fi yin sakaci. Mutum ya kan ba maƙwabcinsa aron gona don mutunci, shekara ta bi shekara, su biyun su mutu, 'ya'yan mai aro su tashi suna tsammani gadonsu ce. Layi uku a takarda da shaidu biyu sun isa su hana wannan.

4. Ina za ka nema?

Fara daga gida. Mai unguwa da dagaci, da maƙwabtan gonar na gabas da yamma, kudu da arewa, su ne littafin farko. Daga nan sai ofishin hakimi. Bisa dokar masarautu ta 2024, Gaya da Ajingi da Albasu suna ƙarƙashin masarautar Gaya. In gonar ta bi ta hannun alƙali, nemi kwafin shari'ar a kotun da ta yi rabon. In an ce tana da takardar ƙaramar hukuma, tafi sakatariyar Gaya ko ta Ajingi, wurin ma'aikatan filaye, ka roƙi a duba maka rajista. Lura da wannan: inda filin ya ke shi ke nuna ofishin da za ka, ba inda mai filin ya ke zaune ba. Jigawa ta fita daga Jihar Kano a 1991, saboda haka gonar da ta faɗa hayin iyaka, labarinta yana hannun hukumomin Jigawa.

In kuwa fili mai satifiket ne, sai Kano, wurin Ma'aikatar Filaye ta jiha da hukumarta ta KANGIS, wadda ke ajiye taswirori da sunayen masu filaye cikin kwamfuta. Kowane fili yana da lambar fayil. Da wannan lamba za ka rubuta takardar neman bincike, ka biya kuɗin da aka yanka, ka karɓi rasit na gwamnati. Binciken zai nuna maka sunan wanda aka rubuta wa filin, da girmansa, da ko an jinginar da shi ga banki, da ko wani ya shigar da ƙorafi a kansa. Yi wannan kafin ka ba da ko sisi.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Amurka yawancin gundumomi suna da ofishin rubuta cinikin filaye da na ƙiyasta darajarsu, kowa kuwa yana iya zuwa ya duba. A Nijar, tun dokar karkara ta 1993, an kafa kwamitocin ƙasa har cikin ƙauyuka, suna rubuta ciniki da aro da jingina.

5. Yadda za ka karanta takardar fili

Kada ka bari a karanta maka da sauri. Bi ta a hankali, ka duba abubuwa shida. Suna: shin na mai sayarwa ne, ko na ubansa? In na mamaci ne, ina takardar rabon gado, ina kuma yardar sauran magada, har da mata? 'Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci kuma tana da tumuni in akwai 'ya'ya, ba wanda ya isa ya sayar da rabonsu ba su sani ba. Wuri: sunan ƙauye da unguwa, da maƙwabta huɗu. Girma: hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, kada a rikita maka su. Abin da aka ba da filin dominsa: noma, ko zama, ko kasuwanci. Wa'adi: satifiket na gidan zama yawanci shekara 99 ne. Sai kwanan wata, da sa hannu, da hatimi.

Bayan ka karanta, ɗauki takardar ka tafi filin da ƙafarka, ka nemi turakun, ka gwada lambobinsu da na taswira. Gani ya kori ji. Ka sani kuma doka ta ce ba a sayar da fili mai satifiket ko a jinginar da shi sai da yardar Gwamna, na gargajiya kuma sai da yardar ƙaramar hukuma. Wanda ya saya bai kai an sauya suna a rajista ba, har yanzu hukuma tsohon mai fili ta sani.

6. Ƙiyasin kuɗi

Ƙiyasi uku ne ya shafe ka. Na farko kuɗin fili na shekara, wanda mai satifiket ya ke biyan gwamnatin jiha gwargwadon girman filin da wurin da ya ke da abin da a ke yi a kansa. Na biyu kuɗin gida. Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidajen mutane don karɓar kuɗin da majalisar jiha ta yanka. In takardar biya ta zo maka, duba suna da girman gini da shekarar da a ke nema. In ka ga kuskure, rubuta ƙorafi da wuri, ka riƙe kwafi. Kada ka biya kowa hannu da hannu ba rasit.

Na uku diyya. Gwamna yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kamar hanya, ko makaranta, ko asibiti. A nan mutane da yawa su kan sha mamaki, gama dokar 1978 ta ɗora diyya a kan abin da ka aza bisa ƙasa, watau gini, da rijiya, da amfanin gona, da itatuwa, ba a kan tsurar ƙasar ba. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi za su zo, ka kasance a wurin. Ƙirga mangwaronka da ɗorawarka da kukarka tare da su, ka tabbata an rubuta, ka karanta kafin ka sa hannu.

7. In gardama ta taso

A 1976 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili: tarihin gado daga kakanni, takardu ingantattu, ayyukan mallaka kamar ba da haya da aro shekara da shekaru, daɗewa a kan filin, da mallakar filin da ke manne da shi. Ka ga ashe takarda ɗaya ce cikin biyar. Satifiket ma kotu ta kan rushe shi in ya tabbata wani ya riga mai shi haƙƙi a wurin.

A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya akwai hukuncin hauzi. Wanda ya ga bare yana noman gonarsa shekara goma, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, aro da jingina kuma ba sa zama mallaka in an tabbatar da su. To, da me za a tabbatar da su in shaidu sun mutu? Sai da rubutu.

Saboda haka bana, kafin ruwa ya sauka, tara maƙwabtanka da mai unguwa, ku zaga iyaka, ku rubuta abin da kuka gani, kowa ya sa hannu. Yi kwafi biyu, ɗaya a gida cikin akwatin da gara ba ta shiga, ɗaya wurin amintacce. Nuna wa 'ya'yanka inda su ke, maza da mata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa albarka cikin abin da muka gada.

Tambayoyi

1. Wa ke ba da haƙƙin gargajiya a karkara, kuma hekta nawa ne iyakarsa don noma?
2. Dom me aka yi kuka da awon taki?
3. Gona ta yi taki 140 a tsawo, 70 a faɗi. Eka nawa ke nan, in taki yadi ɗaya ne?
4. Faɗi abubuwa shida da za ka duba cikin takardar fili.
5. A kan me a ke biyan diyya?
6. Rubuta takardar aron gona tsakaninka da maƙwabcinka, ka kai wa malaminka ya duba.