Kafin a Yanka Ƙarfe: Darasi Daga Injin Mazda

’Yan uwa ɗalibai, musamman mu ’yan sashen kanikanci, akwai hanyoyi biyu da kamfanonin mota ke bi yanzu wajen ƙera inji. A ganina duk mai shirin neman aiki bayan difloma ya kamata ya san su.

A da, aikin bi-da-bi ake yi. Masu zane su gama, a ƙera samfuri, a gwada, in an ga matsala a koma farko. Kowane zagaye yana cin kuɗi da watanni.

Hanya ta farko ita ce a fara gina injin da lissafi a kwamfuta. Da manhajoji irin su Simulink da GT-Power ake kwaikwayon shigar iska cikin silinda, ƙonewar fetur da zafin da fistan zai sha. Kuskure yakan fito tun ba a taɓa ƙarfe ba. Ta biyu kuwa, masu inji, masu bodi da masu haɗa mota a masana’anta su yi aiki tare tun ranar farko.

Mu ɗauki Mazda ta ƙasar Japan. A 2011 ta fitar da injin SKYACTIV-G mai matsi 14:1, wato fistan na matse abin da ke cikin silinda har ya koma kashi ɗaya cikin 14. Yawan matsi na rage shan mai, amma yana jawo fetur ya kama da kansa kafin lokaci, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Wani babban dalilin hakan shi ne hayaƙi mai zafi da ke saura a silinda. Sai injiniyoyin suka tsara dogayen bututun hayaƙi, huɗu su koma biyu, biyu su koma ɗaya.

To, nan fa darasin yake. Bututun bai samu wuri a tsohon bodin Mazda3 ba, dole matsinta ya tsaya a 12:1. Sai a CX-5 ta 2012, wadda aka tsara inji da bodinta tare, bututun ya shiga daidai.

Saboda haka, ku da za ku yi aikin kammala karatu a rukuni, kada mai zane ya gama nasa shi kaɗai sannan ya miƙa wa mai walda. Ku zauna tare, ku yi lissafi, ku gwada a kwamfuta, sannan ku sayi ƙarfe. Tun ran gini, tun ran zane.