Takardar Bayanin Hannun Jari ta Wata Uku-Uku a Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka akwai waɗansu manyan ma'aikatu waɗanda aikinsu shi ne riƙon kuɗin jama'a amana, suna sayen hannun jari na kamfanoni da shi. Cikinsu akwai bankuna, da kamfanonin inshora, da masu ajiyar kuɗin fansho. Dukiyar da ke hannunsu ta yi yawa ainun, har idan ɗayansu ya saya ko ya sayar, kasuwa takan motsa. Saboda haka a shekarar 1975 Majalisar Dokokin ƙasar ta ƙara wani sashe cikin dokar kasuwar hannun jari ta 1934, ta wajabta musu bayyana abin da su ke riƙe da shi. Hukumar da ke lura da wannan kasuwa, watau SEC, ita ta tsara ƙa'idar a 1978, ta fito da takardar da a ke kira 13F.

Ga yadda ƙa'idar ta ke. Duk ma'aikatar da hannun jarin da ta ke juyawa ya kai na dala miliyan 100, lalle ne ta cika takardar nan sau huɗu a shekara, ta aika wa hukumar kafin kwana 45 su wuce daga ƙarshen Maris, da Yuni, da Satumba, da Disamba. A ciki za ta rubuta sunan kowane kamfani, da yawan hannun jarin, da kimarsa a ranar ƙarshe ta watannin nan uku, da ikon da ta ke da shi na jefa ƙuri'a a taron masu jari. Hukumar kuwa takan sa takardun a intanet, kowa ya duba kyauta.

To, hakimi ko malamin da ya saba da takardun ƙidaya ya sani, abin da a ka ƙidaya jiya ba lalle ya zama shi ne a wurin yau ba. Haka al'amarin ya ke a nan. Takardar tana nuna abin da ke hannu rana ɗaya tak, kuma kafin ta fito wata ɗaya da rabi ya shige, mai yiwuwa an riga an sayar. Ba ta faɗin farashin da a ka saya. Ba ta nuna hannun jarin da a ka aro a ka sayar da fatan farashinsa ya faɗi, ko wanda a ke cinikinsa a kasuwannin waɗansu ƙasashe kaɗai. Duk da haka mutane da yawa sukan jira fitowar takardar mashahuran masu jari domin su kwaikwaye su, abin da ba mu ga hikimarsa ba.

Bugu da ƙari, ma'aikata tana iya roƙon hukumar ta ɓoye wani ciniki zuwa wani lokaci, don kada 'yan kasuwa su farga su tsauwala farashi. Kamfanin Berkshire Hathaway, a ƙarƙashin Warren Buffett, ya yi haka a 2011 sa'ad da ya ke tara hannun jarin IBM na fiye da dala biliyan 10, bai bayyana ba sai watan Nuwamba.

Babban giɓin ya fito fili a watan Maris na 2021, da kamfanin Archegos ya rushe. Shi galibi bai sayi hannun jari da sunansa ba, yarjejeniya ya ƙulla da bankuna su riƙe, riba ko hasara ta zama tasa, saboda haka sunansa bai fito cikin takardun nan ba. Bankunan sun yi hasarar kimanin dala biliyan 10, fiye da rabinta a kan Credit Suisse.

Iyakar nan ta dala miliyan 100 ba a taɓa canja ta ba, ko da ya ke darajar dala ta ragu ƙwarai tun 1975. A 2020 hukumar ta kawo shawarar a ɗaga ta zuwa dala biliyan 3.5, abin da zai sauke wa kusan tara cikin goma na masu cika takardar wannan nauyi. Kamfanoni da masu jari suka yi ca a kan shawarar, ba a zartar da ita ba.