DARASI NA BAKWAI: HAUSAWA A BIRNIN IKKO

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan fataucin Hausawa ta hanyar Sahara zuwa Agadas da Gat da Turabulus. A wannan darasi kuwa za a juya kudu, a dubi birnin Ikko, wanda aka fi sani da Legas a yau. Yarbawa suna kiran tsibirin da garin ya kafu a kansa Eko, daga nan ne Bahaushe ya sami Ikko, shi kuwa sunan Legas daga Turawan Fotugal ya samo asali. Mutane da yawa sun ɗauka cewa sai bayan zuwan jirgin ƙasa ne Hausawa suka fara zama a wannan birni na bakin teku. Tarihi ya nuna zamansu ya girmi haka, kuma da su aka yi wasu manyan al'amuran garin.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:
i. bayyana hanyoyi uku da suka kai Hausawa Ikko;
ii. kawo tarihin wasu fitattun mutane da ke da alaƙa da wannan zama;
iii. nuna tasirin wannan cuɗanya a kan harshen Hausa.

3.1 Zuwan Bayi

Rukunin farko na Hausawa ba da son ransu suka isa Ikko ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da kuma rushewar daular Oyo, sun sa an kama mutane masu ɗimbin yawa, ana sayar da su daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Ko da yake Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, jiragen ruwa sun ci gaba da jigilar mutane zuwa Burazil da Kuba, har Ikko ta zama babbar tashar wannan mugun ciniki a yankin. An tsallaka da Hausawa da yawa zuwa lardin Bahiya na Burazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma yi wani a 1814. Waɗanda ba a tsallaka da su ba suka zauna a matsayin bayin gida da na gona a hannun sarakuna da attajiran Ikko.

A watan Disamba 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gado. A 1861 kuma Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin ga Ingila. Daga nan Ikko ta zama mafakar bayin da suka gudu daga iyayengijinsu na ƙasar Yarbawa.

3.2 Sojan Glover

John Glover hafsan sojan ruwa ne na Ingila. Jirgin da yake ciki ya farfashe a kogin Kwara kusa da Jaba a 1857, abin da ya ba shi damar sanin mutanen cikin ƙasa. Da ya karɓi ragamar mulkin Ikko a 1863, sai ya kafa wata 'yar ƙaramar runduna daga cikin gudaddun bayi, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. Wannan runduna ce rundunar sojan Nijeriya take ɗauka a matsayin tushenta. An yi amfani da waɗannan soja a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wasunsu kuma suka zauna a ƙasar da ake kira Gana a yau. A Ikko kuwa, unguwar Obalande ta bunƙasa ne da zaman sojan da aka mayar can tare da iyalansu.

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata ɗalibi ya lura da su. Na farko, ba dukkan waɗanda aka kira Hausawa a wannan runduna ne Hausawa ta fuskar asali ba. Akwai Nufawa da Barebari da wasu kabilu, abin da ya haɗa su shi ne harshen Hausa, da kuma addinin Musulunci ga mafi yawansu. Ke nan a bakin teku kalmar Bahaushe ta fi nuni da harshe a kan jini. Na biyu, da irin waɗannan soja 'yan ƙasa ne Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Wato zuriyar mutanen da aka sayar zuwa kudu, da ire-irensu, sun dawo arewa riƙe da bindigar Bature.

3.3 Musulmin Ikko da Muhammadu Shitta

Hausawa sun zauna a Ikko ne cikin wata al'ummar Musulmi mai rassa da yawa. Akwai Yarbawan garin, da 'yantattun bayin da suka dawo daga Saliyo waɗanda ake kira Saro, da waɗanda suka dawo daga Burazil da ake kira Aguda. Fitacce a cikinsu shi ne Muhammadu Shitta, wanda aka haifa a Saliyo a 1824, iyayensa Yarbawa ne da aka kuɓutar daga jirgin bayi. Ya yi arziki ta hanyar ciniki tsakanin Ikko da garuruwan kogin Kwara, musamman Egga ta ƙasar Nufe. Da dukiyarsa ya gina masallacin da aka buɗe a 1894, wanda har yau yake tsaye a tsibirin Ikko. A wajen bikin buɗewar ne wakilin Sarkin Santambul, wani Bature Musulmi mai suna Abdullahi Quilliam, ya isar masa da sarautar Bey. Shitta ya rasu a 1895.

3.4 Goro, Teku da Jirgin Ƙasa

Rukuni na uku su ne fatake. Tun da daɗewa ayarin goro yakan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, ya ratsa ta Yawuri da Borgu zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta wata da watanni, ga fito a kowace ƙasa, ga 'yan fashi, ga kuma goro wanda ba ya jure zafi da bushewa. Bayan da Ingila ta karya Asante a 1874, da kuma yaƙin basasar Salaga na 1892, sai wannan hanya ta fara ja da baya. Fatake suka gano cewa jirgin ruwa yana iya kawo goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki.

Cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi akwai Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta koma Accra, wadda Hausawa ke kira Ankara, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan ya sami laƙabinsa. Bayan ya yi fataucin ƙasa zuwa Gwanja, sai ya koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, ya sayi tufafi da duwatsun ado da sauran kayan Turai ya wuce da su arewa.

Hanyar jirgin ƙasa da aka fara shimfiɗawa daga Ikko ta kai Ibadan a 1901, jirgin ƙasa kuma ya fara isa Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu, sai manoman ƙasar Kano suka karkata ga gyaɗa saboda ta fi kuɗi, kuma ko ba a sayar ba abinci ce. Ɗantata ya zama babban mai sayen gyaɗa ga kamfanonin Turawa, ana kuma danganta dalar gyaɗa ta Kano da shi. An ruwaito cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, azurfar da ya kai ajiya kayan raƙuma ashirin ce. Ya rasu a Kano a 1955. Tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, a Legas ya kafa harkokinsa, ciki har da matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023.

Bugu da ƙari, manoman Yarbawa sun fara dasa irin goron Gwanja a yankin Agege da Shagamu, har suna kiransa gbanja. Wannan ya jawo Hausawa suka kafa zango kusa da tashar jirgin Agege, da sarkinsu da limamansu da fatomansu, wato masu saukar baƙi da ajiye musu kaya.

3.5 Tasiri a Kan Harshe

Wannan cuɗanya ta bar sawunta a harshe. Daga Yarbanci Hausa ta aro kalmomi irin su ashana da agogo da akawu da alabo da agushi. Ta hanyar bariki kuma aka sami soja da kofur da saje da samanja da fareti daga Ingilishi. Su ma Yarbawa sun karɓi wasu kalmomi na Larabci ta bakin Hausawa, kamar albasa da wahala da lafiya, suka daidaita su da furucinsu.

4.0 Kammalawa

An ga yadda bauta da aikin soja da fatauci suka kai Hausawa Ikko, da yadda tashar jirgin ruwa ta juya akalar kasuwancin ƙasar Hausa daga Sahara zuwa teku. Zaman bai rasa tangarɗa ba, domin an yi asarar rayuka a rikicin kasuwar Ketu a 1999 da na Idi Araba a 2002. A irin waɗannan lokuta akan ji ana kiran wani ɓangare baƙi. Malamin Hausa zai iya samun kansa a aji mai ɗauke da 'ya'yan kabilu daban-daban, don haka wajibi ne ya san cewa wannan maƙwabtaka ta kai kimanin shekara 200, ya kuma iya kafa hujja da sunaye da shekaru da kalmomin da yaran suke furtawa kullum.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyi uku da suka kai Hausawa Ikko, ka yi bayanin ɗaya daga cikinsu.
2. Me kalmar Bahaushe take nufi a rundunar Glover?
3. Yaya jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka sauya fataucin goro? Kafa hujja da rayuwar Alhassan Ɗantata.
4. Tattaro kalmomin aro goma daga Yarbanci, ka tsara yadda za ka koyar da su ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.